Rasuwar Shuɗiya a Ƙarƙashin Gadon Jego

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, da jikin da ruwan zafi ya gama dafawa safe da yamma, iyalan gidan Malam Chindo na Tajaye, ta hannun ɗiyarsu Balki, suna sanar da ƴan uwa da abokan arziki na nesa da na kusa, musamman waɗanda neman abinci ya riƙe a ƙasashen mutane, rasuwar wayarmu kuma aminiyarmu, wadda aka fi sani da Shuɗiya saboda launin rigarta, wadda ƙanwar babana Gwaggo Hajara ba ta taɓa kira da wani suna ba sai Magulmaciya. Ta rasu a nan Tajaye, a ɗakin Inna mahaifiyata, cikin tsakiyar bazara, ranar da aka sallamo ni daga likita da jaririya. Ba ta yi doguwar jinya ba, kuma ba ta samu barin wasiyya ba.

Ni Balki nake rubuta wannan sanarwa, ina kishingiɗe a kan gadon jego, takarda a bisa faifai. Inda kuka ga rubutu ya karkace ku yi haƙuri, jaririya ce ta motsa, ko kuma gumi ne ya ɗiga.

An samo marigayiya a kasuwar Birnin Konni, a teburin wani mai saye da sayarwa kusa da tasha. Ba budurwa ta zo mana ba. Ta taɓa zama a hannun wani can Najeriya, domin mun same ta da hotunan wani biki da ba mu san ko mutum ɗaya a cikinsa ba, muka bar su tunda ba su tare mana komai ba. Maigidana ne ya sayo ta bayan an gama girbi, ana gab da tafiyarsa Aljeriya, ni kuma ina da ƙaramin ciki. Da katinsa na ɗan ƙasa ya yanka mata layi, domin ni ba ni da kati a lokacin, har yau ma ba ni da shi. Sunansa ba ya fita daga bakina, kun san yadda aka rene mu, kuma ba zai fita daga alƙalamina ba. Na bar gurbi, yayana Labo ya cika da hannunsa: Yusha'u ɗan Tajaye, mai aikin gini.

Duk wanda ya zauna da marigayiya zai shaide ta da haƙuri. Tana riƙe caji kwana da kwanaki ba ta koka ba, alhali wayoyin maƙwabta kullum suna hanyar shagon mai sola kamar masu zuwa ɗaukar magani. Rezon garin nan, wato sabis ɗin waya, mai zuwa ne in ya ga dama, amma ita tana kamo shi ko an rufe ta cikin rumbu. Ta taɓa faɗawa cikin ƙwaryar fura, aka binne ta cikin gero yini guda, ta tashi ta ci gaba da hidimarta, sai dai tsami da ya ɗan zauna mata a baki. Fuskarta ta tsage daga kusurwa zuwa kusurwa tun ranar da ɗan akuya ya taka ta, amma ba ta taɓa nuna wa baƙo cewa an ɓata mata ba. Ita ce fitila, ita ce agogo, ita ce madubi, ita ce malamin da ke yi mini wa'azi in ina so, ya yi shiru in na gaji. Matan unguwa da mazansu ke cin rani sun sha zuwa su ari bakinta, su tafi da ita bayan ɗaki, su dawo suna gyara kallabi. Ba ta taɓa gaya mini abin da suka ce ba, duk da sunan da Gwaggo ta laƙa mata.

Amma babban halinta, wanda ba za a samu a wajen kowa a gidan nan ba, shi ne ba ta da kunya, kuma ba a jin kunyarta. Tun da aka dawo da ni gidanmu goyon ciki, kamar yadda ake yi wa mai cikin fari, ban isa in ce ina kewar mijina ba. Ban isa in tambayi labarinsa a gaban Baba ba. In an ambace shi, kallon ƙasa ne nawa. Shuɗiya kaɗai nake ja cikin mayafi in faɗa wa abin da ke raina, ita kuma ta ɗauka ta ƙetare hamada da shi, ta dawo mini da amsa ba ta rage ba ta ƙara ba. Ina sonta, ba zan ɓoye ba, kuma na san ba robar nake so ba.

Muna tunawa da muryoyinta. Akwai ɗan ƙit ɗin da take yi in saƙo ya shigo, wanda ke sa in bar tuwo a kan wuta. Akwai tut, tut na yunwa, in caji ya kusa ƙarewa, mai kama da kukan ɗan tsako da ya ɓace. Akwai busar sarewa, wadda na ware wa mutum ɗaya tak, don in san shi ne tun ban duba ba. Sai kuma muryar da ta fi kowace, wadda take ajiye mini in sake ji sau ba adadi: “Balki, kin kwana lahiya? Ya nauyin jiki? Mu nan muna cikin gini, lahiya lau. Ki ci abinci hwa, kak ki zauna da yunwa.”

Wannan lahiya lau ɗin, sai an yi wa masu karatu bayaninta. Da ƴan garinmu ya tafi, suka fara aiki a Tamanrasat. Cikin sanyi aka yi kamen baƙi, aka kwashe abokan tafiyarsa a manyan motoci, aka sauke su cikin rairayi can bakin iyaka, aka nuna musu hanyar Asamaka, garin farko ta ɓangarenmu, da yatsa. Sun iso mana da ƙafafu a farfashe, kuma ba duk waɗanda aka sauke ne suka iso ba. Shi ya tsira da gudu, wayarsa ta faɗi a gudun, da lambobin duk mutanen da ya sani a duniya. Tawa ce kaɗai ke cikin kansa. Ya yi arewa har wani gari bakin teku da ake kira Oran, ya samu aiki a wani bene da ba a gama ba, a nan yake aiki a nan yake kwana, tare da wasu magina ƴan Damagaram. Ba ya sauka titi don gudun kame. Watanni ke nan garin ta tagar da ba a sa wa ƙyaure ba yake ganinsa. Ya sayi wata waya da sabon layi, kuma wannan sabuwar lamba babu wanda ya san ta a duk faɗin Tajaye sai marigayiya.

Da watana ya kama, ya aiko mata da wata magana da ban so ba. Ya ce: “Balki, ranar da abin ya zo, ki sanar da ni. In na ji shiru, ni na san mi shiru ka nuhi. Sabka za ni yi in tsaya bakin titi su kwashe ni, in taho ko ga ƙahwa.” Na ce masa ya bar irin wannan zance, bazara ce, rairayin nan ko raƙumi na shakkarsa yanzu. Ya yi dariya ya sauya magana. Na san mutumin da na aura, ba ya faɗin abu don jin daɗin baki.

Ga yadda ajalin marigayiya ya zo.

Naƙuda ta daɗe mini a gida har ungozoma ta ce wannan ta fi ƙarfinta, aka ɗora ni a amalanke zuwa likita. A kan hanya, jaki na tafiyarsa ta ganin dama, kowane rami sai na ji shi a ƙashin bayana, na tabbata a raina ba zan ga gobe ba. Na lalubo Shuɗiya daga cikin zane, na danna, na ce: “Ka yahe mini duk abin da na yi maka. Ina ga ba ni tashi.” Na ga alamar saƙon ya isa, na ga alamar an saurara. Sai Inna ta warce ta daga hannuna tana cewa, “Ke, mace na naƙuda tana hira da miji? Kawo nan.” Wannan ita ce magana ta ƙarshe da marigayiya ta ɗauka daga bakina, kuma ta kai ta cikin amana, kamar yadda ta saba.

Na haihu lafiya, sai dai na zubar da jini, aka riƙe ni a likita ana ƙara mini ruwa. Inna ta koma gida gyaran ɗaki, wayar na ƙulle a bakin zanenta. A ɗakinta akwai gadon ƙasa na tun kakarmu, mai rami a ƙarƙashi, inda ake zuba garwashi don mai jego ta kwanta bisa ɗumi jikinta ya gasu. Shekaru an yi ba a haihu a gidan ba, ramin ya zama ma'ajiyar Inna, wurin da yara ba sa kai hannu, ɓarawo kuma ba ya tunani. Nan ta tura Shuɗiya can ƙurya, ta koma likita wajena da kwanon abinci.

Ranar da aka sallamo ni, ina shiga ɗaki na ce da ita a hankali, “Inna, ina abin nan nawa?” Ta ce, “Na aje miki shi wuri na ƙwarai, ki kwanta.” Ta fita aron babbar tukunyar wanka a maƙwabta. Ɗaki ya cika da mata ƴan barka. Uwar mijina ta zauna daidai ƙafafuna da jaririya a cinya, ni kuma na ja mayafi na rufe fuska, domin mai haihuwar fari ko kallon abin da ta haifa ba ta yi a gaban mutane. Sai ga Gwaggo Hajara, wadda aka danƙa wa jegona, da kasko cike da garwashi. Ta durƙusa ta juye a bakin ramin, ta sa itace ta tura ciki sosai, don ita ba ta aikin rabi.

Ba a daɗe ba sarewa ta fara busa.

Mata suka shiga waige-waige. Wata ta ce Fulani ne ke wucewa da shanu. Wata ta ce a'a, wannan daga ƙasa yake fitowa. Gwaggo ta kasa kunne, ta gyaɗa kai, ta ce, “Mutanen ɓoye na, sun jiyo ƙanshin jinjiri.” Ta yi ta'awwuzi, ta watsa tazargade cikin wutar, ta aika a ƙaro garwashi.

A duk ɗakin ni kaɗai na san wanda ke busa sarewar nan, na kuma gane inda wuri na ƙwarai yake. Yanzu da nake rubutu, cewa wayata ce, mijina ne, abu ne mai sauƙi. A lokacin kuwa, uwarsa na zaune a ƙafafuna, dattijan unguwa sun zuba ido, kunya ta hana ni faɗa. Abin da ya iya fita shi ne, “Gwaggo, a janye wutar.” Ta ce, “Raki. Uwarki ta kwanta bisa wadda ta hi wagga.” Na ce, “Akwai abu ciki.” Ta ce, “Ai shi muke kora.”

Sarewar ta yanke, ta sake tashi, wannan karon a shaƙe, kamar mai busar ya sha gudu. Na yaye mayafi, na buɗe baki da kalmar waya a kan harshena, sai muka ji fas a ƙarƙashina, gadon ya girgiza. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe da warin roba. Mata suka yi waje da jaririya, takalma a hannu, wasu ma babu takalman. Ni aka bari a kan gado, don ba wanda ya ce mini in tashi. Inna ta shigo gida da tukunya a ka, ta ga hayaƙin da ke fita daga ƙofar ɗakinta, ta sauke tukunyar a hankali, ta zauna a ƙasa. Nan rai ya yi halinsa.

Iyalai sun yi iya ƙoƙarinsu. Da toka ta huce aka zaƙulo gawar, ta naɗe ta dunƙule kamar busasshen kifi. Labo ya ƙunshe ta a leda ya bi motar kasuwa zuwa Konni, wajen Maikuɗi mai gyara, wanda ake cewa hannunsa na da albarka. Maikuɗi ya juya ta, ya sunsuna, ya ɗago kai ya ce, “Labo, ni mai gyaran waya na, ba mai tada matattu ba.” Duk da haka ya sa tsinke ya nemi sim ɗin, ya tarar ya narke ya zama jiki ɗaya da uwar ɗakinsa. Ya ba da shawara a je buron kamfanin, wato ofishinsu, a sake fitar da layin, tunda lamba ba ta ƙonewa.

Labo ya je, ya bi layi, ya kai gaban wata yarinya mai na'ura. Ta duba ta ce, “Mai layin ya zo da kanshi, da katinshi.” Labo ya ce, “Shina Aljeriya.” Ta ce, “To ku kira shi ku gaya mishi.” Labo ya ce ya tsaya yana kallonta ko za ta yi dariya, sai ta kira na bayansa. Ba mu riƙe ta da komai ba, doka aka ba ta. Labo ya bi gidajen waɗanda aka kwaso cikin sanyi ɗaya bayan ɗaya yana neman lambar maigidana, kowa ya ba shi tsohuwar lambar nan da ke kwance a wani lungu na Tamanrasat.

Abin da ake ciki ke nan, ƴan uwa. Kafin a tada layin sai maigidana ya zo. Kafin a hana shi zuwa sai an tada layin. Lamba ɗaya ya sani a duniya, ya kira ta bayan an ce masa a yafe, ta yi ƙara ba a ɗauka ba, daga nan ta rufe ba ta sake buɗewa ba. Na juya wannan lissafi a kaina ta kowane gefe, kullum wuri ɗaya yake ajiye ni, wato bakin titi a Oran.

Marigayiya ta rasu ta bar cajarta, wadda ke rataye a ƙusa wutsiya a ƙasa, ba ta san an yi rasuwa ba. Ta bar abin sawa a kunne mai ji da ɓangare ɗaya. Ta bar matan unguwa da yanzu ke zuwa su zauna su kalle ni in kalle su. Ta tafi da baƙin bikin Najeriya, waɗanda suka ƙone ba su san hawa ba su san sauka ba. Ta bar Inna, wadda ba ta ce uffan kan lamarin ba har yau, sai dai naman da take gasa mini ya ƙaru, kuma ta daina haɗa ido da ni. Ban ƙullace ta ba, wuri mafi kyau da ta sani ta ba ni. Ta bar Gwaggo Hajara, wadda har gobe ke cewa ko ma mene ne, ai ya bar ɗakin. Ta bar jaririya mace da ba ta samu ɗaukar hotonta ko sau ɗaya ba. Ubanta ya ce shi zai aiko da suna, sunan ya tsaya can a bakinsa, dattijai suka raɗa mata nasu ranar bakwai. Nan ma Labo ya cika gurbi: Ummul-Khairi.

Ta kuma bar ni. Ban kai rabin arba'in ba tukuna, kuma kafin arba'in mai jego ba ta taka ƙofar gida. Duniyata daga gado ce zuwa makewayi, inda Gwaggo ke jirana da tafasasshen ruwa da ganyen dogon yaro, daga makewayi kuma zuwa gado, inda kunun kanwa ke jirana. Da can ko ina kwance ina Konni, ina Yamai, ina bakin teku. Yanzu ina ɗakin Inna, kuma ban taɓa sanin ƙanƙantarsa ba sai bana. Hannuna har yau yana zuwa ƙarƙashin matashi shi kaɗai, ya dawo ba komai. Buta in ta fara tafasa sai in ji kamar sarewa. Na san kowace tsaga ta bangon nan, na san tsakar da ke fitowa bayan azahar, na san zanzaron da ke gina ɗakinsa a kusurwa, wanda ke fita ɗebo laka ya dawo ba mai tambayarsa. Labari kuwa sai wanda baƙi suka kawo, bayan sun sha kunu sun gama ban gajiya, rabinsa ƙarya rabinsa na bara. Ina jiyo rediyon Baba daga zaure. Duk sanda aka ambaci Asamaka sai in kasa kunne, shi kuma sai ya murɗa zuwa wata tasha.

Na yi lakwal, makarantar boko, har aji shida. Na haddace sunayen kogunan ƙasashen da ba zan taɓa gani ba, har yau suna nan cikin kaina suna tare wuri. Amma lambar mutum guda ban haddace ba, domin hotonsa nake dannawa, Shuɗiya ta yi sauran. Na rufe ido na neme ta har kaina ya yi ciwo, abin da nake gani kawai shi ne hularsa da bulon da ke bayansa. Shi da bai yi lakwal ba ya riƙe tawa. Wannan abu yana ci mini rai fiye da zafin gadon.

Abu ɗaya zan ce rashin ya koya mini, shi ma ba da son raina ba. In ɗaki ya zama ba kowa, nakan janyo yarinyar in zuba mata ido. Da marigayiya na nan da hoto zan yi ta ɗauka ina aikawa, ban kalle ta da kyau ba. Yanzu haddace ta nake yi, gaɓa gaɓa, don ranar da aka tambaye ni in iya faɗa. Kunnuwan nasa ne, babu gardama, haka ma yadda take ɓata fuska kafin ta yi kuka.

Masu karatu za su ce, to me ya hana a yi cigiya? Na nema. Na gaya wa Inna, Inna ta gaya wa Labo, Labo ya gaya wa Baba, cewa a sa a rediyo da wayoyin mutane, ana neman wane. Baba ya ce, “Ɗiyata ba ta cigiyar miji kamar wadda akuyarta ta ɓace. Mi mutane ka cewa?” Na kwana da maganar ina kuka a cikin mayafi. Da safe, Gwaggo na watsa mini ruwan zafi, sai na tuna akwai labari ɗaya da ba a tare masa ƙofa a kowane gida, wanda duk ya ji kuma sai ya kai gaba, shi ne labarin mutuwa. Na kuma san halin masu waya, tunda ni ma da ina cikinsu. Abin da ya ba su dariya yana isa Aljeriya kafin shayi ya huce. Sai na ce a ba ni takarda. Da na kai rabi, Labo ya ɗauka ya karanta wa Baba a zaure. Baba bai yi dariya ba. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, “Rasuwa ce anka yi, dole a sanar. Ku sa sunana sama, kamar yadda anka saba.” Shi ya sa kuka ga sunansa a farko.

Game da jana'iza, ga abin da aka tsayar. An tuntuɓi liman, ya ce ba a yi wa roba salla, mun karɓa. Wanka ma an ɗauke mata, domin zafin da ta sha ya isa. Za a naɗe ta a tsohon kallabina, a binne ta ranar Juma'a bayan la'asar, a bayan rumbu, inda ta fi yawan hidima. Labo ne zai haƙa. Ni ba zan samu halarta ba, daga ɗaki zan saurari ƙarar fartanya. Zaman makoki a ɗakin Inna ne, kowane lokaci, mai makokin ba ta zuwa ko'ina. Sadaka kunun kanwa ce, akwai shi da yawa, kuma ana roƙon jama'a su taimaka a shanye. A yi kuka a hankali saboda barcin jaririya.

Waɗanda ke nesa su aiko da ta'aziyyarsu ta lambar Labo, wadda ya rubuta da manyan baƙaƙe a ƙasan wannan takarda. Wayarsa a gefen matashina take kwana yanzu, Inna da kanta ta kawo ta ta ajiye. Ana roƙon duk wanda ya iya karatu ya karanta sanarwar nan da murya a cikin wayarsa ya tura gaba, domin wanda ya fi kowa buƙatar jin ta ba ya karatu. A tura wa ƴan cin rani, a tura wa direbobi, a tura musamman wa magina ƴan Damagaram da ke Oran. Wanda ya yi dariya ba mu hana shi ba, amma ya tura kafin ya gama.

An gayyaci kowa da kowa, ban da mutum ɗaya. Shi an ɗauke masa zuwa, an ɗauke masa ta'aziyya da ƙafa. Ya zauna inda yake. Kada ya sauko daga benen nan, kada ya tsaya a bakin titi. Maganar da ya ji ta ƙarshe ciwo ne ya faɗe ta, na janye ta a gaban shaidu. Na tashi, ina cin abinci kamar yadda ya ce, ɗiyarsa na shan nono tana ƙiba. Gawa ɗaya ce a gidan Malam Chindo, ta roba ce, kuma ba mu da ƙarfin ɗaukar ta biyu.

In kuwa takardar nan ta makara, to roƙona ga wanda ke jin ta a Asamaka ne. Ya riƙa duba fuskokin masu fitowa daga rairayi. Dogo ne, baƙi, mai wushirya, hannayensa duk tabon siminti. Ya fara ba shi ruwa tukuna, sannan ya gaya masa waya ce ta mutu.